Ƙaiƙayin Kare Mai Yawan Dawowa: Tambayoyi da Amsoshi kan Kulawa da Maganin Itatuwa a Damagaram

Masu karnukan gadi a Birni da Zango da Sabon Gari, da mafarauta, da makiyayan da ke shigowa gari daga wajen Tanut da Gure, sukan zo da kuka iri ɗaya: kare yana susa dare da rana, gashi ya zube, an yi magani ya lafa, bayan ƴan makonni kuma ya dawo. An tattara tambayoyin da aka fi yi a kan wannan matsala, musamman a kan amfanin ganyaye da mayukan gargajiya, da kuma inda amfaninsu ya tsaya.

Mene ne wannan ciwo, kuma me ya sa yake dawowa?

Likitocin dabbobi suna kiransa atofi, wato nau'in borin jini mai daɗewa wanda kare yake gado daga iyayensa. Abubuwa biyu ne suke haɗuwa su haifar da shi. Na farko, fatar irin wannan kare ba ta da ƙarfin tsare jiki yadda ya kamata. Tana kama da katangar ƙasa da yaɓenta ya tsattsage, danshi yana fita, ƙura da ƙwayoyin cuta suna shiga. Na biyu, garkuwar jikinsa tana ɗaukar abubuwan da ba su da illa a matsayin abokan gaba, kamar ƙananan ƙwarin da ke cikin ƙurar ɗaki waɗanda ido ba ya gani, da ƴan uwansu da ke rayuwa a cikin hatsi da dusa, da bununin gero da garin furen ciyawa. Idan waɗannan suka ratsa fata, sai jiki ya saki sinadaran da ke sa ƙaiƙayi, kare ya sosa, susar ta ƙara fasa fatar, ta ƙara buɗe hanya. Daga nan ƙwayoyin bakteriya da na yis (wani irin naman gwari da ido ba ya gani), waɗanda dama suna zaune a kan fatar kowane kare ba tare da cutarwa ba, su samu damar yaɗuwa, su kawo ƙuraje da mugunya da wari.

Ciwon yakan fara bayyana tsakanin wata 6 da shekara 3 da haihuwa. Wuraren da ya fi kamawa su ne tafin ƙafafu da tsakanin yatsu, da cikin kunne, da gefen ido da baki, da hammata, da ƙasan ciki. Yana dawowa ne saboda tushensa yana cikin halittar karen, abubuwan da ke tayar da shi kuma suna cikin gidan da yake kwana.

Ta yaya zan san ba ƙazuwa ba ce, ko makero, ko cizon ƙuma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, domin a ƙasarmu yawancin karnukan da ke susa ƙwari ne ke cin su, kuma wannan yana warkewa sarai idan an gano shi. Ƙazuwar kare takan fara daga bakin kunnuwa da gwiwar ƙafafun gaba da ƙirji, da ɓawo mai kauri da ƙaiƙayi mai tsanani, tana kuma bin sauran karnukan gida, har mutanen da ke taɓa shi sukan ga ƙananan ƙuraje a hannu ko a ciki. Borin cizon ƙuma ya fi zama a gadon baya da gindin wutsiya da cinyoyi, kuma cizo kaɗan ya isa ya tayar da shi, ko da mai kare bai taɓa ganin ƙuma ko ɗaya ba. Makero yakan yi da'ira, gashi ya karye, ƙaiƙayinsa kuma bai cika tsanani ba.

Babu gwajin jini guda ɗaya da zai tabbatar da atofi. Ana gane shi ne bayan an kawar da sauran: likita ya kankari fata ya duba a madubin ƙara girma, a ba da maganin ƙwari na tsawon lokacin da ya dace, a magance ƙurajen da ke akwai, a gwada canjin abinci. Abin da ya rage bayan duk wannan shi ne atofi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya shiga dafa ganye zai iya shafe wata shida yana wahalar da kansa da karensa a kan ƙazuwar da maganin makonni kaɗan zai kawar.

Ana warkewa gaba ɗaya?

A'a, ana dai shawo kansa. Karen da ake kula da shi yadda ya dace yana iya yin barci lafiya, gashinsa ya dawo, ya ci gaba da gadi ko farauta shekara da shekaru, amma halin fatarsa yana nan. Duk mai sayar da magani, na kwalba ko na ƙulli, da ya ce zai tumɓuke ciwon daga tushe a cikin mako ɗaya, bai faɗi gaskiya ba.

Me ake nufi da kula da kare gaba ɗayansa?

Ana nufin kada a tsaya a kan ƙurjin da ido ya gani, a duba duk abin da ke ƙara wa fatar nauyi: ƙuma da kaska, makwanci, abinci, wanka, yanayin shekara, har da halin zaman karen. Kowane kare yana da iyakar abin da fatarsa za ta iya ɗauka kafin ƙaiƙayi ya tashi, kuma waɗannan abubuwa taruwa suke yi a kan juna. Idan an rage biyu ko uku daga cikinsu, sau da yawa ƙaiƙayin yakan sauka ƙasa da wannan iyaka ko da ba a kawar da sauran ba. Karen da ke ɗaure da sarƙa yini guda a rana, ba inuwa ba motsi, yakan ƙara lasar ƙafafunsa saboda ƙunci, don haka inuwa da ruwan sha mai tsafta da sakin sa ya taka da yamma duk suna cikin magani.

Ganyen dogon yaro yana aiki?

Yana taimakawa, amma a matsayin mai tallafi. Itacen asalinsa daga ƙasar Indiya ne, ya kuma zama ɗan gida a titunanmu da farfajiyoyinmu. Yana ɗauke da sinadaran da ke korar ƙwari da hana su girma, mafi ƙarfinsu kuma yana cikin ƙwallon ƴaƴansa fiye da ganyen. Hanyar da ta fi sauƙin haɗari ita ce a tafasa ɗanyen ganye cikin hannu ɗaya ko biyu a ruwa, a bar shi ya huce sarai, a tace, a ɗauraye jikin kare da shi bayan wanka, a kiyaye ido da cikin kunne. Kafin a yi wa dukan jiki, a shafa a wuri kaɗan a jira kwana ɗaya, domin fatar da ke da bori tana iya yin bori ga ganyen ma.

Abubuwa biyu ne ya kamata a kiyaye. Kada a ɗura wa kare ruwan dogon yaro ko mansa ya sha, kuma kada a shafa tsantsar man ƙwallon a fatar da ta buɗe, domin kare yana lashe duk abin da aka sa masa. Sannan dogon yaro shi kaɗai ba ya kashe ƙazuwa, ba ya kuma isa ga karen da ke da borin ƙuma, wanda ke bukatar kariyar da ba ta yankewa.

Man kaɗe, alobera, zuma da bagaruwa fa?

A cikin waɗannan, man kaɗe ne ya fi cancantar zama a gidan mai irin wannan kare. Aikinsa shi ne toshe tsagar fata ya riƙe danshi, wanda shi ne ainihin abin da fatar ta rasa, kuma idan kare ya lashi kaɗan ba ya cutar da shi. A shafa shi siriri a wuraren da suka bushe, kamar gwiwa da tafin ƙafa da ƙasan ciki, bayan wanka tun fatar tana da ɗan danshi. Ba a sa shi a wurin da ke ruwa ko wari, domin maiƙo yana ƙara wa yis abinci. A kuma tabbata tsantsa ne, ba wanda aka gauraya da turare ko mantaleta ba.

Alobera tana sanyaya fatar da ta yi ja, amma farin ruwa mai yauƙi na tsakiyar ganyen kawai ake amfani da shi. Rawayan ruwan da ke fita daga ƙarƙashin ɓawon yana sa gudawa da amai idan an lasa, don haka a fere ganyen a wanke shi sosai. Zuma mai kyau tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ƙaramin miki, sai dai tana kiran ƙuda da tururuwa, kare kuma yana son zaƙinta, saboda haka ba ta da amfani sai an rufe wurin.

Bagaruwa kuwa kowa a Damagaram ya san aikinta a hannun majema: tana ɗaure fata ta busar da ita. Ruwan jiƙonta mai tsarwa zai iya busar da ƙaramin wurin da ke tsattsafo, na kwana biyu ko uku. Amma wannan halin nata shi ne illarta ga karen da fatarsa dama a bushe take, don haka ba abin wanke dukan jiki ba ne, musamman a lokacin hunturu.

Waɗanne abubuwa ne bai kamata a sa wa kare ba ko kaɗan?

Baƙin man mota shi ne na farko. Al'adar shafa shi ga kare mai ƙazuwa ta yaɗu ƙwarai, kuma mugun abu ne: yana ƙona fata, kare ya lashe shi, gubar da ke cikinsa ta taɓa hanta da ƙoda. Haka kananzir da man fetur. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona suna shiga ta fata su kama jijiyoyi, a ga kare yana dalalar da miyau, yana rawar jiki, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, wani lokaci kuma ya mutu kafin a kai shi ga likita. Maganin wankan shanu da awaki ma ba a auna shi da ido a zuba wa kare.

A cikin itatuwa, nonon tumfafiya yana ƙona fata, yana lalata ido, yana kuma da gubar da ke taɓa zuciya. Jiƙon taba yana ratsa fata ya sa guba. Lalle, wanda muke ganin ba shi da laifi, yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini idan kare ya haɗiye shi. Toka da kanwa da omo suna cinye ɗan maiƙon da ya rage a fatar. Kasancewar abu ya fito daga daji ba ya nufin ba ya kisa, kuma jikin kare ba ya sarrafa abubuwa yadda jikin mutum yake yi.

Ana cewa tafarnuwa tana korar ƙuma. A ba shi?

Kada a ba shi. Tafarnuwa da albasa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma illar tana taruwa a hankali har a ga dasashinsa ya yi fari, ya rasa ƙarfi, fitsarinsa ya yi duhu. Wannan ma dalili ne na lura da ragowar miya da ake zuba masa. Habbatus sauda da kurkur da zogale ba a tabbatar da cewa suna rage wannan ƙaiƙayi a jikin kare ba. Ɗan dafaffen ganyen zogale a cikin abinci ba laifi ba ne, amma abinci ne, kada a dogara da shi a bar magani.

Akwai haɗin itatuwa uku na ƙasar Sin, ciki har da saiwar wani nau'in likoris, da aka sayar a Turai da sunan Phytopica, wanda aka gwada a kan karnuka aka ga yana rage yawan kortizon, wato maganin asibiti mai kwantar da ƙaiƙayi, da wasunsu ke bukata. Wannan ya nuna cewa itatuwa suna iya taimakawa idan an auna su an gwada su, kuma ko a nan rage magani suka yi, ba su maye gurbinsa ba.

Abinci yana da hannu a ciki?

A wasu karnuka yana da shi, kuma alamun ba su da bambanci da na atofi, sai dai wani lokaci akan samu gudawa ko yawan bayan gida. Abubuwan da aka fi samu da laifi su ne naman sa, da madara da abin da aka yi da ita, da kaza, da alkama. A gidajenmu wannan yana nufin ragowar fura da nono, da ƙashin mahauta, da guntun burodi.

Hanyar ganewa ɗaya ce: a ba kare naman da bai taɓa ci ba tare da abu ɗaya mai cika ciki, na tsawon mako 8, ba tare da komai ya shiga bakinsa ba sai wannan da ruwa. Ga karen da bai saba da shi ba, dafaffen naman raƙumi ko na zomo da dafaffen dankalin Hausa zaɓi ne da ake iya samu a nan. Idan ƙaiƙayi ya ragu sosai, sai a mayar da tsohon abincin. Idan ya tashi cikin kwana 14, an kama mai laifi. Wahalar gwajin tana ga mutanen gida fiye da karen, domin loma ɗaya da yaro ya jefa masa don tausayi, ko yawon da ya yi zuwa juji, ya isa ya rushe aikin makonni. Wannan abinci na gwaji ne kawai, bai cika abin da jiki ke bukata na dogon lokaci ba, kuma ba a yi wa ɗan kwikwiyo mai girma ko karya mai ciki sai da shawarar likita.

Man kifi yana da amfani?

Yana da shi, kuma yana cikin ƴan abubuwan da bincike ya goyi bayansu. Kitsen da ke cikinsa, wanda ake kira omega 3, yana rage kumburin fata kaɗan, yana kuma gyara gashi, amma sai an yi mako 8 zuwa 12 ana ba da shi kullum kafin a ga bambanci. Likita ne zai auna shi gwargwadon nauyin karen. Man hantar kifi daban ne, yawansa yana tara bitamin A da D har su zama illa.

Sau nawa za a yi masa wanka, ga kuma matsalar ruwa a garin nan?

Sau ɗaya a mako shi ne abin da aka fi so, da ruwa mai sanyi-sanyi ko ɗumi kaɗan, domin ruwan zafi yana ƙara ƙaiƙayi. Wankan yana wanke ƙura da garin fure daga fata kafin su ratsa ta. Fatar kare ta fi ta mutum siranta, don haka sabulun wanki da sabulun salo mai kaifi suna busar da ita. Idan akwai ƙuraje ko wari, likita yakan ba da sabulun ruwa mai sinadarin kulorheksidin, wanda ake bari a jiki minti 10 kafin a ɗauraye.

Wanda ya zauna a Damagaram a watannin bazara ya san cewa jarkar ruwa ba abin wasa ba ce, kuma ba za a ce wa magidanci ya hana iyalinsa don kare ba. Abin da zai yiwu shi ne a jiƙa tsumma mai tsafta a goge ƙafafu da tsakanin yatsu da ƙasan ciki kowace yamma, a kuma busar da su sosai. Ruwan kofi biyu ya isa wannan, amfaninsa kuma yana da yawa.

Me ya sa yake tsananta a wasu watanni?

Kowane lokaci da irin nasa nauyin. A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska da ƙura suna tsattsage fata, don haka man kaɗe da makwanci a wurin da iska ba ta bugawa su ne abin bukata. A damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshi yana hayayyafa ƙuma da kaska da yis, ciyawa da gero kuma suna fure, karen farauta da na kiwo su fi kowa shan wahala. A bazara zafin ƙasa yana ƙona tafin ƙafar da dama ta yi rauni. Yana da kyau mai kare ya riƙa rubuta watan da ciwon ya tashi da abin da aka yi, domin bayan shekara guda zai iya fara kariya makonni kaɗan kafin lokacin ya zo.

Na kashe ƙumar da ke jikinsa, me ya sa take dawowa?

Domin wadda ke jikin kare ƙaramin kaso ce, mafi yawanta ƙwai ne da tsutsa a cikin ƙasa da tabarma da tsagar bango. Macen ƙuma tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana. Sai an share makwanci akai-akai, an wanke buhu ko tsumman da yake kwanciya a kai an shanya a rana mai zafi, an kuma yi wa dukan karnuka da kyanwoyin gida magani tare na aƙalla wata 3. A kula: maganin kare mai sinadarin farmetirin yana kashe kyanwa. Kada kuma kare ya kwana a ɗakin ajiyar hatsi ko kusa da buhunan dusa, saboda ƙananan ƙwarin hatsi da ke tayar da borin.

Ashe ba za a iya guje wa maganin asibiti ba?

Idan ciwon ya tashi da ƙarfi, kare ba ya barci, yana cizon kansa har jini, barin sa a kan ganye kaɗai zalunci ne. Kortizon, kamar firednisolon, yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yana da arha. Matsalarsa tana cikin daɗewa a kansa: yawan ƙishi da fitsari da ci, sirancewar fata, raunin garkuwar jiki, da haɗarin ciwon suga. Allurar deksametazon da ake saya a kasuwa a riƙa maimaitawa ba tare da likita ba ta lalata karnuka da yawa, tana kuma ƙara wa wani nau'in ƙazuwa ƙarfi. Karen da ya daɗe a kan kortizon ba a yanke masa shi rana ɗaya, ana ragewa ne a hankali.

Akwai sababbin magunguna: Apoquel, ƙwaya da aka amince da ita a Amurka a 2013, da Cytopoint, allurar da ke tare sinadarin ƙaiƙayi na tsawon mako 4 zuwa 8, da kuma sikulosforin wanda ke ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ya kama. Suna da tsada, samunsu a nan kuma ba shi da sauƙi. Wannan ne ya sa wanka da man kaɗe da man kifi da yaƙi da ƙuma suke da daraja a wurinmu, domin su ne ke rage yawan kortizon da za a bukata. Farasitamol da ibuforofen na mutane kuwa ba a ba kare su da ka.

Kunnensa yana wari, yana kaɗa kai. Me zan zuba?

Kada a zuba komai, ko mai ko ruwan tsami ko jiƙon ganye, sai likita ya duba ya ga dodon kunnen bai fashe ba, domin abin da ya wuce ciki yana iya kurmantar da shi. A goge abin da ido ke gani kawai da auduga.

Yana kama mutane? Kuma yaya batun tsarki ga mai yi masa wanka?

Atofi ba ya kama mutum, ba ya kuma bin wani kare. Ƙazuwa da makero suna yi, shi ya sa ake nisanta yara har a gano ko wane ne, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi. Game da tsarki, mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi tana ɗaukar kowace dabba mai rai a matsayin mai tsarki, har da kare, tare da umarnin wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau 7. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa. A ware wa kare kwanonsa da bokitinsa da tsummansa. Dabbar da mutum ya ajiye don ta tsare masa gida ko garke amana ce a hannunsa, jinyarta kuma tana cikin haƙƙinta.

Yaushe ne ya zama dole a garzaya wurin likitan dabbobi?

Idan fuska ko baki ya kumbura farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya. Idan miki yana yaɗuwa cikin sa'o'i, yana fitar da mugunya, ko tsutsa ta shiga. Idan kare ya daina ci, ko dasashinsa ya yi fari ko rawaya. Ko kuma ya fara rawar jiki da dalalar miyau bayan an shafa masa wani abu. A wannan hali na ƙarshe a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu nan take, a tafi da kwalbar ko ganyen da aka yi amfani da shi zuwa ofishin kiwo ko wurin likita mafi kusa.

Zan iya barin sa ya hayayyafa?

Gara a bari. Tunda halin fatar gado ne, ƴaƴansa suna da haɗarin ɗaukar sa, musamman idan uwa da uba duka suna da shi. Mafarauci mai neman iri ya duba ƙafafu da kunnuwan iyayen kwikwiyo kafin ya karɓa, ya kuma tambayi mai su yadda suke yi a damina.